Mai koyo ya gyara wa mai koyo? Abin da ya faru a zaurenmu na masu jin Sifaniyanci da ke koyon Jamusanci

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai waɗanda suka riga mu shan wahalar harshen nan.

Na yi shekara 11 a Sifaniya kafin in ƙauro Jamus. Aikin gonar rumfa na fara yi a Almeriya, tumatir da tattasai, daga baya na koma Balensiya. Sifaniyanci ya zauna mini a baki sosai. Da na zo Dotmund na shiga kwas ɗin da ake kira Integrationskurs, mai darasi 600 na harshe da 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa, sai na tarar da mutum biyar a ajin masu jin Sifaniyanci: mata biyu 'yan Kolombiya, wani magidanci ɗan Benezuwela, wata yarinya 'yar Peru, da wani saurayi ɗan Madrid. Da suka ji ina magana da harshensu suka jawo ni jiki. Muka fara haɗuwa duk Asabar a ɗakin karatu na unguwa, muka buɗe zaure a WhatsApp. Kwas ya ƙare amma zama bai ƙare ba, yau mun kai mutum 14.

Ƙa'idarmu ita ce kowa ya yi rubutu da Jamusanci, wanda ya ga kuskure ya gyara. To abu biyu suka faru. Ɗaya daga cikin 'yan Kolombiyar, babbar mace ce mai 'ya'ya uku, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta rubuto cewa ba za ta samu zuwa ba: "Ich kann nicht kommen, weil ich habe Nachtdienst", wato tana da aikin dare. Saurayin nan ɗan Madrid ya amsa mata a gaban kowa, ya ce sau nawa za a faɗa mata cewa bayan "weil" aikatau ƙarshen jimla yake komawa, "weil ich Nachtdienst habe". Gaskiya ya faɗa. Amma a daren matar ta fita daga zauren, har yau ba ta dawo ba. Kuma ita ce ta fi mu duka buƙata, don sai ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin B2 za a amince da takardunta na jinya.

Na biyun ya fi ba ni tsoro. Mako uku da suka wuce 'yar Peru ta rubuta "Mir ist kalt", tana jin sanyi. Wani ya gyara mata, ya ce "Ich habe kalt" ake cewa. Duk muka yarda, har da ni, saboda a Sifaniyanci "tengo frío" ne, kamar ka ce ina da sanyi. Sai da wata malama ta ji na faɗa ta tsayar da ni. Ashe yarinyar ce ke kan daidai, mu 13 muka taru muka ɓata mata abin da ta iya.

Shin mu ci gaba da gyara wa juna, ko mu bar gyara ga malamai da 'yan ƙasa? Ina son zauren nan, ba na so ya watse.

Hajiyar Zango: Wa alaikumus salam ɗana. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Shekarata 26 a Hambug. Na ga irin zaurenku ba ɗaya ba, ba biyu ba, na Turkawa, na 'yan Gana, na 'yan Folan. Mutane 14 masu ciwo iri ɗaya sun taru a ɗaki ɗaya, babu likita, me kake so ya faru? Da ɗan gari akan ci gari. Harshen mutane a bakin masu shi yake.

A zangon Kumasi inda na tashi, ko Hausarmu ba ta cika raba namiji da mace ba. Duk unguwa haka muke yi, ba wanda ya taɓa jin wani abu ya kauce. Sai da na auri Bakano, dangin miji suka yi ta gyara mini, sannan na san akwai "ya" akwai "ta". Da na zauna cikin 'yan unguwarmu har tsufa ba zan sani ba. Jamusanci kuma a wajen wata tsohuwa maƙwabciyata na koya. Kullum da la'asar ina kai mata shayi muna hira, in na karkace ta miƙar da ni. Awa biyun nan da kuke kashewa ranar Asabar, ku kai su ƙungiyar ƙwallon unguwa ko wajen aikin sa kai, inda babu mai jin Sifaniyanci ko kalma ɗaya.

Maman Hanifa: Hajiya, da girmanki, a nan kam ina ganin akwai abin dubawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ajin B2 ɗinmu mu 16 ne, tara daga Meksiko da Kolombiya aka ɗauko su. Wata takwas ina kallon yadda suke taimakon juna, kuma na ga abin da Bajamushe ba zai iya yi musu ba.

Akwai wata da kullum take cewa "Ich helfe dich", wato zan taimake ka. Abokan aikinmu Jamusawa sun gyara mata ya fi a ƙirga, "dir" ne ba "dich" ba. In ta tambaye su dalili sai su ɗaga kafaɗa, su ce haka ake faɗa. Ba rowa suke yi ba, ba su san dalilin ba ne, kamar yadda in ka tambayi Bahaushe me ya sa ake cewa "gidan Audu" amma "motar Audu" zai ce maka haka ya taso ya ji. Rannan wata 'yar'uwarta ta zaunar da ita, ta ce mata a harshenmu "te" ɗaya gare mu, "te ayudo", "te llamo", "te veo", amma Jamusawa sun raba "te" ɗin nan gida biyu, "dich" da "dir", kuma kowane aikatau da wanda yake ɗauka. Tun daga ranar take rubuta kowane sabon aikatau tare da abokin tafiyarsa. Minti biyar aka yi. Wanda ya faɗa ramin ya fito shi ya san inda bakin ramin yake.

Sannan Hajiya, ba kowa ke samun maƙwabciya irin taki ba. Mai aikin dare a gidan tsofaffi, da wa za ta sha shayin la'asar?

Ɗan Agadas: Ni tambaya gare ni. Ina karatu a kudancin Jamus kusa da iyakar Suwizalan, kuma wallahi na sha jin 'yan Suwizalan suna cewa "ich habe kalt". Sannan "weil ich habe" ɗin da matar ta rubuta, Jamusawa da kansu suna faɗin haka a jirgin ƙasa da kantuna, da kunnena na ji. To wa ya yi kuskure ke nan?

Malam Mai Nahawu: Madalla da tambayar Ɗan Agadas, don ita ce ta taɓo jijiyar. Duka biyun da ka ji haka suke. "Ich habe kalt" ana faɗinta a Suwizalan, amma a daidaitaccen Jamusanci na Jamus "mir ist kalt" ne. "Weil" da aikatau a wuri na biyu kuwa ya cika maganar baka, amma a rubutu da jarrabawa kuskure ake lissafa shi. Saboda haka gyaran saurayin yana kan hanya ga mai shirin B2. Da ya san wannan bambanci, da sai ya ce mata: a baki za ki ji ana faɗa, a takarda ki kai shi ƙarshe. Ka ga ya gyara kuma bai mayar da ita marar fahimta ba, tunda abin da kunnenta ya jiyo a wajen aiki ta rubuta.

Na daɗe ina koyar da Jamusanci ga manya, masu jin Sifaniyanci sun wuce ta hannuna da yawa. Bari in ce Hajiya da Maman Hanifa kowa ya kama ɓangare ɗaya na dabba ɗaya. Kuskuren mai koyo iri biyu ne. Akwai wanda ya san ƙa'idar, gajiya ko sauri ya sa ya zame. Wannan abokin karatu yana kama shi da kyau, wani lokaci ma fiye da malami, saboda shi ma jiya ya haddace ƙa'idar, idonsa a buɗe yake. Akwai kuma wanda harshen uwa ne ya shigo da shi ta bayan gida. Wannan shi ne mai haɗari a zaure irin naku, don kunnen kowa zai ji shi daidai. Wani masanin harshe Ba'amurke, Larry Selinker, ya yi bayaninsa a 1972: mai koyo yana gina wani harshe na tsakani, ba nasa ba, ba kuma wanda yake koyo ba, kuma wasu kurakuran suna sandarewa a ciki har su ƙi fita. Mutum 14 in suka yi ta maimaita wa juna abu ɗaya, sandarewar sauri take yi.

Amma irin waɗannan kurakuran ba ɓoyayyu ba ne, an san su kamar yadda direba ya san ramukan hanyarsa. Mai jin Sifaniyanci zai ce "Ich habe 30 Jahre" don "tengo 30 años", alhali "Ich bin 30 Jahre alt" ne. Zai ce "Ich habe gegangen" don a harshensa "he ido" ne, alhali aikatau na tafiya "sein" yake ɗauka, "Ich bin gegangen". Zai yar da wakilin suna, ya ce "regnet" kawai don "llueve", ya manta "es". Abin da ke ƙara rikita shi, wani lokaci kwafin yana dacewa: "tengo hambre" da "Ich habe Hunger" sun hau daidai. Sai ya ɗauka ai kullum haka ne.

Ga kuma kalmomi masu kama da juna da ma'ana daban. "Firma" a Sifaniyanci sa hannu ne, a Jamusanci kamfani. "Mantel" a can mayafin tebur, a nan rigar sanyi. "Gymnasium" makarantar sakandare ce mai kai yaro jami'a, ba "gimnasio" wurin motsa jiki ba. "Alt" tsoho ne, "alto" dogo. Na taɓa samun ɗaliba da ta cike fom, inda aka rubuta "Firma" ta rattaba hannu.

Shawarata ta farko ke nan, Ɗan Damagaram. Ku rubuta waɗannan ramuka a takarda ɗaya ku liƙa a saman zauren. Duk jimlar da kuka ji ta yi muku daɗi a kunne fiye da kima, ta hau kan Sifaniyanci kalma da kalma, ku yi zarginta.

Hajiyar Zango: Allah ya gafarta Malam, na ji bayaninka, amma ka bar furuci a baya. Takarda ba ta gyara baki. Ina da suruka 'yar Ekwado, shekara tara a nan, har yau "Estraße" take cewa, "Espanien", sai ta sa wasali a gaba. "Haus" da "aus" a bakinta abu ɗaya ne don su ba sa furta "h". In ta zauna da 'yan'uwanta wa zai ji? Kowa haka yake faɗa.

Malam Mai Nahawu: A nan kam Hajiya na ba ki gaskiya ɗungurungum. Sifaniyanci wasali biyar gare shi, kuma ba ya raba dogo da gajere. Jamusanci yana rabawa: "Stadt" birni, "Staat" ƙasa ko hukuma, "Miete" kuɗin haya, "Mitte" tsakiya, "Ofen" murhu, "offen" a buɗe. Ga "schon" da "schön", ga "Mutter" da "Mütter". Wanda kunnensa bai saba ba, ba ya jin bambancin balle ya gyara wa wani. Furuci sai da ɗan ƙasa, ko aƙalla sautin ɗan ƙasa da aka ɗauka.

Sai dai ku lura da wani abu. A zauren nan nasu akwai mutum ɗaya da kunnensa ya san dogon wasali tun yana goye, shi ne mai tambayar. Bahaushe ba ya rikita gari da ake zama a ciki da garin tuwo, ba ya rikita "fito" na fitowa da na busa baki. "H" kuma muna da ita a "hannu" da "hula". Ɗan Damagaram, kai ne kunnen da suka rasa. Su kuma suna da abin ba ka: sautin "ch" na "Nacht" da "Buch" kusan "j" ɗinsu ne na "jamón", kuma "kennen" da "wissen" da ke wahalar da mu saboda "sani" ɗaya gare mu, su suna da "conocer" da "saber". Kuma ka sa su riƙa saurarenka a kan "p" da "f", ka san halinmu da su. Ka gwada "Pfeffer" da "Apfel" a gabansu.

Ɗan Damagaram: Malam wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni dai ina ɗaukar kaina baƙo a cikinsu, ina bin abin da suka ce tunda da harshensu ake bayani. Yanzu na tuna ranar da ake gardamar rana da wata. Su "el sol" namiji ne, "la luna" mace, sai Jamusanci ya juya musu, "die Sonne", "der Mond". Suna ta ƙorafi, ni kuwa ban ga abin wahala ba, don mu ma rana ta fito muke cewa, wata ya tsaya. Na yi shiru ban faɗa ba.

Maman Hanifa: Ai da ka faɗa. Jinsin suna shi ne inda na ga sun fi taimakon juna da kuma inda suka fi ɓatar da juna. Su biyu gare su, Jamusanci uku, "der", "die", "das". In ba su san jinsin kalma ba sai su ari na harshensu: tebur "la mesa" sai su ce "die Tisch" alhali "der" ne, mabuɗi "la llave" alhali "der Schlüssel", gada "el puente" alhali "die Brücke". Abin da ya cece su a ajinmu shi ne wata ta tattara ƙarshen kalmomin da ba sa yaudara, duk mai ƙarewa da "-ung", "-heit", "-keit", "-schaft" mace ce, mai "-chen" da "-lein" kuma "das" ce, shi ya sa yarinya take "das Mädchen". Suka kuma kafa doka: ba a kawo sabuwar kalma tsirara, sai da jinsinta da jam'inta. Wanda ya rubuta "Tisch" kawai, a mayar masa ya sa mata riga.

Baba na Esen: Salamu alaikum. Ni tsoho ne, karatu nake yi ba na cika rubutu ba, amma wannan ta shafe ni. Na yi aikin masana'anta tare da tsofaffin Sifaniyawa, 'ya'yan waɗanda suka zo bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta Yamma ta ƙulla da Sifaniya a 1960, wasu ma su ne da kansu suka zo kafin a rufe ƙofar a 1973. Yawancinsu mutanen ƙauye ne daga Andalus da Galisiya, karatunsu bai yi nisa ba. Abin da suka yi shi ne suka kafa ƙungiyoyin iyaye gari gari, suka dage a sa 'ya'yansu a ajin Jamusawa maimakon a ware su, suka shirya masu taya yara aikin gida da yamma. Har yau in ana maganar 'ya'yan baƙi da suka yi nasara a makarantun Jamus ana kawo misalin Sifaniyawa, kuma ana danganta shi da ƙungiyoyin nan.

Hajiya, ki duba. Sun taru a junansu, amma taron nasu tura su yake yi cikin Jamusawa, ba ɓoye su yake yi ba. Ba taruwar ce matsala ba, ina ƙofar ɗakin take kallo?

Hajiyar Zango: Baba na yarda da wannan. In zauren zai tura su waje, ba ni da ja.

Malam Mai Nahawu: Tunda Baba ya buɗe tarihi, bari in ƙara ɗaya, don tsakanin harsunan nan biyu aka gina shi. Akwai tsarin koyo da ake kira Tandem, sunan keke mai mazauni biyu. Mutum biyu masu harshe daban suna haɗuwa, rabin lokaci a yi da harshen wannan, rabi da na wancan, kowa malami kowa ɗalibi. Wani Bajamushe, Jürgen Wolff, shi ya tsara yadda ake haɗa mutane biyu biyu a Madrid a 1979, Sifaniyawa masu son Jamusanci da Jamusawa masu son Sifaniyanci. Ginshiƙinsa biyu ne: abin da ka samu ka bayar da kwatankwacinsa, kuma kowa shi ke faɗin abin da yake so a gyara masa.

Ɗan Damagaram, kuna zaune a kan dukiya. Jamusawa masu koyon Sifaniyanci suna da yawa, a makarantun manya na Volkshochschule da jami'o'i, masu zuwa hutu Mayorka da masu shirin tafiya Kudancin Amurka. Ku liƙa sanarwa a ɗakin karatun nan naku cewa mutum 14 na neman abokan musaya. Ko biyu kuka samu suna zuwa sau ɗaya a wata, duk tambayar da ta gagare ku sai ku ajiye musu. Ba roƙo kuka je yi ba, ciniki ne.

Ɗan Agadas: To amma Malam duk wannan bai dawo da matar ba. Ni abin da ya dame ni ke nan. Yaron ya yi daidai a nahawu, ya kori mutum.

Maman Hanifa: Nan nake son zuwa. Akwai abin da ku maza ba ku duba ba, kuma ba nahawu ba ne. Mutanen Madrid maganarsu kai tsaye take, "tú", wato "kai" na sabo, suke ce wa kusan kowa. A wurare da yawa na Kolombiya kuwa "usted" na girmamawa ake amfani da shi har a cikin gida, kuma ba a faɗa wa babba kuskurensa gatsal. Na gani a ajinmu, harshe ɗaya suke yi amma tarbiyyar magana ba ɗaya ba ce. Yaron ƙila a ransa taimako ya yi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne sa'an ɗanta ya daka mata tsawa a gaban mutum 12, bayan ta kwana tana juya tsofaffi a gado. Ko a cikinmu, yaro ya ce wa uwa "sau nawa za a faɗa miki" a dandali, ai an san abin da ya yi.

Sannan saƙonta ba aikin gida ba ne, uzuri ta kawo. Amsar uzuri ita ce Allah ya ba da sa'a, sai mun gan ki. Mu a ajinmu mun raba: akwai lokacin hira, ba a katse mutum ko ya karya harshe gida goma, don wanda ake tsayarwa a kowace jimla daina magana yake yi, kuma jarrabawar baki magana ake so. Akwai kuma lokacin gyara, wanda mutum da kansa zai turo rubutu ya ce ku duba mini. Ko a nan ba a fi gyara uku ba. Takardar da aka cika da jan biro ba a karanta ta, ninke ta ake yi a jefa a jaka.

Mai Unguwa: Ina biye da ku. Ƙari ɗaya daga wanda ya faɗi jarrabawar rubutu sau ɗaya kafin ya ci: duk wanda zai yi gyara ya zo da shaidarsa. Ƙamus na Duden yana intanet kyauta, ƙamusun LEO da PONS suna da Sifaniyanci da Jamusanci. Da wanda ya kawo "Ich habe kalt" an ce masa nuna mana inda ka gani, da magana ta mutu a minti ɗaya. In ba ka da shaida, kada ka ce kuskure ne, ka ce ina shakka, mu duba. Kuma ku gaya wa matar cewa jarrabawar B2 ta cibiyar Goethe kashi huɗu ce, karatu, saurare, rubutu da magana, kowanne maki 60 cikin 100 ake nema, kuma wanda ka faɗi shi kaɗai za ka sake. Kada ta ɗauka "weil" ɗaya zai rushe mata komai.

Hajiyar Zango: Kuma kada ka tura mata saƙo ɗana. Ka kira ta, ko ka je da ƙafarka tare da ɗaya matar 'yar ƙasarsu. Yaron ma ka ja shi gefe, kada ka yi masa a gaban mutane abin da ya yi mata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗan Damagaram: Na dawo da labari, ku gafarce ni kwana tara shiru. Na bi maganar Hajiya. Na sami yaron shi kaɗai bayan ya tashi daga aiki. Da farko ya tsaya a kan cewa shi gaskiya ya faɗa. Na ce masa ba wanda ya ce ka yi ƙarya, amma in mahaifiyarka ce aka yi wa haka fa? Ya yi shiru. Ashe shi ma injiniya ne da ya baro gida saboda rashin aiki, yana ɗaukar kaya a sito, kuma a wajen aikin ana yi masa dariyar furucinsa. Ya kira ta da kansa, da "usted" ya yi mata magana.

Ba ta dawo zauren WhatsApp ba tukuna, ta ce sai bayan jarrabawa. Amma ranar Asabar ta zo ɗakin karatu da wasiƙar gwaji da ta rubuta, ta miƙa wa 'yar Peru ta ce ta duba mata wurin aikatau kawai. 'Yar Peru kuma mun ba ta haƙuri a gaban kowa, tunda a gaban kowa muka ɓata mata. Mun liƙa takardar ramukan Malam, ta kai layi 17. Sanarwar neman abokan musaya ma mun liƙa, wata Bajamusa mai ritaya da ke koyon Sifaniyanci saboda jikokinta ta bugo waya, za ta zo Asabar mai zuwa. Ni kuma an ba ni minti goma na farkon kowane zama, ina faɗin "Miete" da "Mitte", "Stadt" da "Staat", suna rufe ido suna nuna wanda suka ji. Ɗan Benezuwela ya ci bakwai cikin goma, ya yi murna ƙwarai.

Jiya na rubuta wa wani a zauren "Ich rufe dir morgen an". Ba a jima ba 'yar Peru ta turo mini saƙo ni kaɗai, da hoton shafin Duden, cewa "anrufen" "dich" yake ɗauka. Malam, matsalar "te" ɗin nan da Maman Hanifa ta faɗa ashe ni ma na kwaso ta daga Balensiya. Ko za ka ba mu aikatau masu ɗaukar "dir" da muka fi buƙata, mu sa a takardar?

Malam Mai Nahawu: Alhamdu lillahi. Ku fara da waɗannan: helfen, danken, antworten, gratulieren, gefallen, gehören, folgen, zuhören. Kowanne ku rubuta shi cikin jimla, "Ich danke dir", "Das gehört mir", kada ku haddace shi shi kaɗai. "Fragen" da "anrufen" ku sa su a ɗaya gefen takardar da jan biro, don su ne ke kama da masu ɗaukar "dir" alhali "dich" suke ɗauka. Kai da ka yi karatun allo, ka tuna yadda aka koya maka i'irabi, wane ne ke sa nasabu wane ne ke sa jarra, haka za ka bi su. Ranar Asabar ka sa Bajamusar ta karanta muku jimlolin da bakinta, ku ɗauki sautin a waya, ku tura wa mai aikin dare ta saurara a hanya.